Yadda Binciken Masana Ya Iso Wani Ɗaki a Agege: Nazarin Lamarin Yaro Mai Amosanin Jini

Aikina a Agege rakiya ne da tafinta. Matan unguwarmu da yawa ba sa jin Yarbanci sosai, Turancin ma sai ɗan buroka na cefane, saboda haka in tafiyar asibiti ta kama, ni ake aiko wa yaro ya kira. Ta haka na shiga lamarin yaron da zan ba da labarinsa, mai amosanin jini, wato sikila. Iyayensa sun yarje mini in rubuta, da sharaɗin kada suna ya fito. Abin da ya gabaci zuwana daga bakin mahaifiyarsa na ji shi, sauran kuwa na gani da idona, ko na karanta a littafin da mahaifinsa ya riƙa rubutu a ciki daga baya.

A jami'o'i ana auna tasirin mai bincike da yawan takardun da ya wallafa da yawan waɗanda suka ambace su. Ni a nan sawun wasu 'yan takardu zan bi har ƙofar ɗaki guda, in ga yaushe suka iso, ta wace hanya, kuma me suka tarar.

Asalin gidan, kafin 2016

Mahaifin mahauci ne a kwatar Oko-Oba. Ya zo Legas yana saurayi daga wani ƙauye na ƙasar Garki, a jihar Jigawa ta yau, ya koma gida ya auro 'yar kawunsa, suka tare a ɗaki ɗaya cikin gidan haya. Ba a yi musu gwajin jinotaif, wanda ke nuna ko mutum na ɗauke da gadon sikila, kafin aure ba, don a ƙauyen ba wanda ya san zancen a lokacin. 'Yarsu ta fari lafiyayya ce. Maza biyu da suka biyo ta duk sun rasu kafin yaye, ɗaya a ƙauye, ɗaya nan Agege, kowanne bayan zazzaɓin kwana biyu ko uku, kuma ba a gwada jinin ko ɗaya ba. Da aka haifi na huɗu a farkon 2016, kakarsa ta wajen uba, wadda ta zo zaman jego, ta ce wabi ne, ta laƙaba masa irin sunan nan da ake wa 'ya'yan wabi don mutuwa ta raina su ta wuce.

Wata rana tsohuwar ta ba ni labarin cewa tana yarinya motoci kan zo ƙauyukansu, a fesa magani a bangon ɗakuna, a tsira wa mutane yatsa a ɗiga jinin a kan gilashi. Aikin Garki take nufi, binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a farkon shekarun 1970. Cikin waɗanda suka duba wannan jini akwai Alan Fleming, malamin ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi da abokan aikinsa sun wallafa a 1979 cewa kimanin 2 cikin 100 na jariran yankin da SS ake haifarsu, wato nau'in jinin masu sikila, amma cikin waɗanda suka girma da ƙyar ake samun mai SS. Wato kusan dukkansu tun suna ƙanana suke tafiya. Ita kakar ba ta taɓa jin abin da aka gano a jinin nasu ba.

Wata 7 zuwa shekara 2 da wata 8: "maleriya da taifot"

Yana wata bakwai bayan hannayensa da na ƙafafunsa suka kumbura, ya kwana biyu yana kuka ba ya son a taɓa shi. Wannan kumburi na daga alamomin sikila na farko, kuma yakan bayyana ne daidai lokacin da jinin da jariri ya taho da shi daga ciki, wanda ke kare shi a watannin farko, ya fara ƙarewa. Mai kemis ɗin layinsu ya ce zafin haƙori ne, ya ba da farasitamol da maganin maleriya.

Shekara biyun da suka biyo baya salo ɗaya ne. Zazzaɓi ya zo, a je kemis ko wani ƙaramin asibitin kuɗi, a ce "maleriya da taifot", a yi allurai, a ƙara da kwalbar maganin ƙarin jini. Idanunsa suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka aiko da sassaƙe daga gida. Cikinsa ya tasa ta gefen hagu, wanzami ya yi masa tsaga a kan saifa. Tabon na nan har yau. Mahaifiyar ta ƙirga mini aƙalla zagaye tara na maganin maleriya a wannan tsakanin, kuma sau biyu kaɗai aka tsira masa yatsa aka gwada kafin a ba shi.

Akwai dalilan da suka sa duk wannan bai yi ba. Legas ba Kebbi ba ce wajen sauro: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙananan yaran Legas, alhali a Kebbi kusan rabi ne. Zazzaɓin yaron Legas sau da yawa wani abu ne daban. Gwajin taifot na Widal da ƙananan asibitoci ke yi yakan nuna cutar ko da babu ita. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wato ayon, kuwa ba ya magance ƙarancin jinin mai sikila, don shi ba ayon ya rasa ba, jajayen ƙwayoyin jininsa ne ke fashewa cikin kwana goma zuwa ashirin maimakon su kai kwana 120.

A hunturun ƙarshen 2018 ya wayi gari jiki ya saki, tafin hannunsa fari fat, ciki ya yi tauri. Wannan ne karon farko da aka kira ni. Awon jininsa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira PCV, ya sauka zuwa 12. Saifa ce ta haɗiye jinin. Aka ƙara masa jini cikin dare, ya farfaɗo. Kwana huɗu bayan haka, kafin sallama, aka ɗebi jininsa aka kai wani ɗakin gwaji na waje. Takarda ta dawo da AS, wato mai ɗauke da gadon kawai, ba mai ciwon ba. Aka ce wa iyayen su kwantar da hankalinsu, ɗansu ba sikila ba ne. Ni ce na fassara musu wannan magana, kuma na fassara ta ina murna.

Tsakiyar 2019: an gane ciwon

Wata bakwai aka ƙara ɓatawa a kan wannan takarda. Ciwon ƙafa ya kai mu wani babban asibitin gwamnati, inda wata matashiyar likita ta karanta takardar, ta dubi yaron, ta yi tambaya ɗaya: yaushe aka yi gwajin, kafin ƙarin jini ko bayansa? Jinin da aka ƙara masa na mai AA ne, wato marar gadon sikila, ya gauraya da nasa, sai na'ura ta ga A ta ga S. Ƙa'ida ita ce a jira kamar wata uku bayan ƙarin jini kafin a gwada. Ta tura mu aka sake gwajin da na'urar HPLC mai tantance nau'in jini. Yaron SS, uwa AS, uba AS.

Kakar ce ta fara magana da labarin ya isa gida: "Mu dai danginmu ba mu da wannan ciwo." Mahaifiyar ta sunkuyar da kai, duk da ita ma jinin gidan ce. Ranar da muka koma, likitar ta ce in bayyana wa mahaifin yadda gadon yake. Da muka dawo gida na sayi goro huɗu, fari biyu a matsayin A, ja biyu a matsayin S. Na ba shi fari da ja, na ba matarsa fari da ja. Na ce kowa ya ɓoye hannu a baya ya miƙo guda ba tare da dubawa ba. Suka yi ta yi. Wani lokaci fari biyu, wani lokaci fari da ja, wani lokaci ja biyu. Na ce ja biyu shi ne ɗanku, kuma ba ya fitowa sai kowa ya miƙo nasa. Kowane ciki sabuwar miƙawa ce, ɗaya cikin huɗu, ba ruwansa da abin da ya fito a baya. Ya daɗe yana juya jan goron a hannunsa. Sannan ya juya ga mahaifiyarsa ya ce, "Inna, rabi nawa ne." Daga ranar ban sake jin an ɗora wa matar laifi ba.

Ba su kaɗai ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da AS, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Ƙarshen 2019: tsarin kulawa

Likitar ta tura mu cibiyar masu sikila da ke Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas. Daga Agege sai mun shiga danfo zuwa Oshodi, mu sake wata ta Mushin, kuma in an yi rashin sa'ar cunkoso rabin yini ya tafi. Gidauniyar da ke da cibiyar an kafa ta a 1994, kuma wanda ya kafa ta Farfesa Olu Akinyanju ne, masanin ilmin jini. A nan ne aikin mai bincike ya fara taɓa jikin yaron kai tsaye.

Akinyanju da abokan aikinsa sun wallafa wata takarda a 2005 a kan masu sikila da suka riƙa kula da su a Legas daga 1988 zuwa 1995. Ba wani sabon magani suka ƙirƙiro ba. Zama suka riƙa yi da iyalai suna koya musu ciwon, suna ba da rigakafin maleriya da folik asid, suna nacewa a kan shan ruwa da saurin zuwa asibiti, suna ganin mutum a kai a kai ko lafiyarsa ƙalau. Mace-macen da ake samu a shekara ya sauka daga kimanin kashi 20 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1, kwanciya asibiti da ƙarin jini su ma suka ragu ƙwarai. Irin wannan tsari aka ɗora yaron a kai: folik asid kullum, Paludrine na rigakafin maleriya kullum, gidan sauro, gorar ruwa a kusa da shi ko da yaushe, rigar sanyi in iska ta taso.

An ƙara masa penisilin, miligiram 250 safe da yamma har ya cika shekara biyar, da cikon rigakafin nimoniya. Dalilin shi ne saifar mai SS kan lalace tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, shi ya sa zazzaɓin safe kan iya kashe yaro kafin dare. A 1986 likita Marilyn Gaston da tawagarta a Amurka suka nuna cewa penisilin na kullum ya rage irin wannan mugun ciwo da kashi 84 cikin 100, har aka dakatar da binciken kafin lokacinsa don a ba dukkan yaran maganin. Da mahaifiyar ta ji bayanin, ba ta ce komai ba sai da muka fito bakin titi. Ta ce, "Yaya, ashe da wannan ɗan maganin da yayyensa suna nan?" Ban iya amsa mata ba.

Abin da na fi so a duk abin da aka koya mata shi ne lalubar saifa. Nas ta kwantar da yaron, ta kama hannun uwar ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ta nuna mata yadda za ta danna a hankali idan ya ja numfashi har ta ji gefen saifar ya taɓa yatsunta. Ta ba ta ɗan katakon nan na danna harshe, ta yi masa zane da biro daidai inda saifar ke tsayawa. In ta wuce zanen, ko tafin hannu ya yi fari, ba jiran gari ya waye. Wannan dabara daga Jamaika ta fito, inda Graham Serjeant ya fara bin rayuwar jarirai masu sikila tun 1973, aka kuma ga cewa koya wa iyaye mata wannan lalube ya rage mutuwa daga haɗiyar saifa matuƙa. An kuma sa su sayi ma'aunin zafin jiki, aka ce in ya kai 38.5 asibiti za a nufa, ba kemis ba. Mahaifin ya sayi littafi mai shafi arba'in, yana rubuta duk zazzaɓi, duk ciwo, duk awo, da ajami.

Daga lokacin zuwa Maris na 2020 yaron bai kwanta asibiti ba ko sau ɗaya. PCV ɗinsa ya tsaya tsakanin 21 da 23.

2020 zuwa 2021: koma baya sau biyu

A daren 30 ga Maris, 2020 aka kulle Legas saboda korona. Ciniki ya ja baya a kwata, zirga-zirga ta yi wuya, penisilin ya ƙare, aka yi mako shida babu. A watan Mayu ya kamu da ciwon ƙirji, ya yi kwana takwas a asibiti.

Na biyun ya fi ban takaici. Suka tafi gida Babbar Sallar 2021, a watan Yuli, tsakiyar damina. Wani ɗan uwa da ya yi karatu ya ce wa mahaifin ya karanta cewa masu sikila ba sa kamuwa da maleriya, don me ake wahalar da yaro da ƙwaya kullum? Aka ajiye Paludrine. Abin da mutumin ya ji yana da tushe, amma ya juya shi. Anthony Allison ne ya nuna a 1954, daga aikinsa a Gabashin Afirka, cewa masu AS suna da kariya daga maleriya mai tsanani, kuma wannan ne ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro. Kariyar ta masu AS ce. Mai SS da jininsa dama kaɗan ne, in maleriya ta kama shi takan kwashe ragowar cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga shi yaron ya tashi a Legas, jikinsa bai saba da sauron damina ba. Maganin rigakafi na wata-wata da ake raba wa yara a Arewa lokacin damina kuwa na 'yan ƙasa da shekara biyar ne, shi ya wuce biyar da 'yan watanni. Mako uku da isarsu ya kwanta, gwaji ya nuna maleriya, PCV 14, aka ƙara masa jini a karo na biyu.

Da suka dawo, likita ta kawo maganar wani magani da ake ba masu sikila, haidiroksiyuriya. Mahaifin ya nuna sunan ga wani mai kemis, aka ce masa maganin ciwon daji ne, yana kashe ƙwayar haihuwa. Ya ƙi, kuma ba wanda ya tilasta shi.

Farkon 2022: awon jijiyoyin kai

Akwai awo da ake wa yara masu SS daga shekara 2 zuwa 16, ana kiransa TCD. Ana ɗora na'ura a gefen kai, kusa da kunne, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Inda jijiya ta tsuke jini kan ƙara gudu, kamar ruwa a bakin tiyo in an matse shi. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa lafiya lau. 200 zuwa sama haɗarin shanyewar ɓarin jiki ne. Nasa ya nuna 212. Aka sake bayan mako biyu, 208.

Binciken Robert Adams a Amurka, na 1998, ya nuna cewa yaran da awonsu ya kai haka, in aka bar su, kimanin 1 cikin 10 na shanyewa kowace shekara, amma ƙarin jini kowane wata na rage haɗarin da kashi 92 cikin 100. Aka fara wannan. Watan farko mahaifin ya kawo abokan aikinsa biyu daga kwata suka ba da jini a madadin wanda za a sa wa yaron. Wata na biyu ya samo wasu. Wata na uku sai da ƙyar da jiɓin goshi. Kowane zuwa yini biyu ne ba kasuwa, ga kuɗin gwaje-gwaje, ga mota, an kuma gaya musu cewa in tafiya ta yi nisa ayon zai taru a jikin yaron, sai an sayi wani magani mai tsada na fitar da shi. Wata na huɗu ba su je ba. Mahaifin ya daina ɗaukar wayata na kwana goma, kuma na san kunya ce.

Tsakiyar 2022: takardar Kano

Da na samu na mayar da su, likitar ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe wata takarda a wayarta ta ce in fassara masa a tsanake. Binciken an yi shi ne a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Murtala a Kano, da asibitin Barau Dikko a Kaduna. Cikin jagororinsa akwai Dakta Shehu Umar Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, kuma ya fito a farkon shekarar nan ta 2022. Sun ɗauki yara 220, 'yan shekara 5 zuwa 12, masu awon kai irin na ɗansa, a inda ƙarin jini na wata-wata ba ya yiwuwa ga yawancin iyalai. Aka ba rabi miligiram 10 na haidiroksiyuriya a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi miligiram 20. Bayan bibiya ta sama da shekara biyu, yara 8 ne suka shanye cikin 220, ƙasa ƙwarai da abin da aka sani yana faruwa in ba magani.

Ya katse ni. "Hajiya, tambayar mini ita. Kano ta ce? Yaranmu?" Na tambaya, ta ce ƙwarai. Ya ce, "Kuma iyayensu sun yarda?" Ta ce da yardarsu aka yi.

Sai ya kawo tambayoyinsa biyu. Ta ciwon daji, ta ce gaskiya ne da can can aka fara amfani da maganin, amma aikinsa ga mai sikila shi ne ya sa jiki ya koma ƙera irin jinin jarirai, wanda ba ya bari ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, kuma tun 1995 aka tabbatar yana rage tashin ciwo ga manya da kusan rabi. Ta haihuwa, ba ta ɓoye masa ba: ga manyan maza an ga yana iya rage ƙwayoyin maniyyi, ita sikilar ma tana ragewa, kuma shi zai auna wannan da haɗarin shanyewa da ke gabansa yanzu. Ni na ƙara tambayar maleriya, don na ji ana cewa maganin na raunana garkuwar jiki. Ta ce an gwada shi ga yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, a binciken da Léon Tshilolo na Kinshasa ya jagoranci wallafawa a 2019, kuma maleriya raguwa ta yi da kusan rabi, haka ma ƙarin jini da mace-mace suka ragu.

Ya nemi mako guda. Ya yi istihara, ya buga wa wani malaminsa waya a Kano, ya dawo ya ce a fara.

Tsakiyar 2022 zuwa ƙarshen 2024

Nauyin yaron kilo 18 ne, aka fara shi da miligiram 350 kullum da dare, kafso ɗaya na 250 da ɗaya na 100, tare da gwajin jini kowane wata a farko, daga baya duk wata uku. Bayan wata uku awon kai ya sauka zuwa 176. Bayan shekara, 158. PCV ya hau zuwa 26, rawayar ido ta ragu. A wata na biyar fararen ƙwayoyin jininsa suka yi ƙasa, aka dakatar da maganin mako biyu, suka dawo, aka ci gaba. Faratansa sun yi duhu, abin da ya tayar wa uwar hankali har sai da likita ta ce sananniyar alama ce marar illa.

Matsalar da ta rage ta kuɗi ce. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sun yi kwana tara ba magani. Bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin mota da na magani suka tashi tare. Abin da ya tsare lamarin adashi ne: mahaifiyar ta shiga da wasu mata huɗu na layin, ta roƙi a riƙa ba ta kwasa daidai lokacin saye, tana sayen na wata uku a haɗe. Ni kuma duk umarnin da likita ta bayar nakan karanta shi da Hausa a saƙon murya na WhatsApp in tura wa mahaifin, ya saurara a kwata, ya tura wa kakar a ƙauye. Da suka sake zuwa gida a damina, tsohuwar da kanta take ɗaura wa "maigidan nata" gidan sauro tana ƙirga masa ƙwayoyi.

Littafin mahaifin ya nuna kwanciya asibiti sau ɗaya a wata talatin, ta kwana uku, saboda ciwon ƙashi bayan ruwan sama ya dake shi a hanyar islamiyya. Ba ƙarin jini, ba shanyewa. Yana zuwa makaranta.

Abin da na fahimta

Lamarin yaro ɗaya ba ya zama hujja a kan kowa, kuma haidiroksiyuriya ba waraka ba ce. Har yanzu SS ne. Dashen ɓargo, wanda ke iya warkarwa, an fara yin sa a birnin Benin na jihar Edo a 2011, a Legas kuma a 2024, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mahauci nesa ba kusa ba.

In na jera abin da ya gaza, kusan duka ba rashin ilmi a duniya ba ne. Maganin maleriya ba gwaji, gwajin jinotaif kwana huɗu bayan ƙarin jini, binciken Allison da ya iso ƙauye a birkice: duk an san daidai ɗinsu tuntuni. Ƙarin jini na wata-wata shi ne ya fi kowanne ƙarfin hujja, shi ne kuma ya fi saurin faɗuwa, don an gwada shi ne a inda jini ke jira a firji, ba inda uba zai bi abokan sana'a yana roƙo ba.

Tazarar shekarun ce ta fi damuna. Binciken penisilin ya yi shekara 33 kafin ya iso wannan ɗaki, kuma 'yan uwan yaron biyu sun rasu a cikin wannan jira. Takardar Akinyanju ta yi 14, duk da a cikin Legas aka yi aikin. Ta Kano watanni kawai ta yi. A ganina dalili uku ne: an yi tambayar daidai da halin talakan ƙasar nan, maganin ƙwaya ce da adashi zai iya saye, kuma an samu likitar da ke karatu ta kuma yarda mahauci zai fahimci bincike in an faɗa masa da harshensa. Sai dai ba don cibiyar Idi-Araba ba, da ba a yi awon kai ba balle a kai ga takardar Kano. Shi ya sa in aka tambaye ni wane mai bincike ne ya fi tasiri a rayuwar wannan yaro, Akinyanju zan ce, saboda bai tsaya a wallafawa ba, ya gina wurin da binciken wasu ma zai sauka.

Kano ta sa dokar gwajin kafin aure a 2024, har da jinotaif, kuma Farfesa Obiageli Nnodu a Abuja ta nuna tun 2020 cewa ana iya gwada jarirai da ɗigon jini a wurin rigakafi, sakamako ya fito nan take. A ƙarshen 2024 aka haifi ƙanwar yaron. Tana mako shida mahaifin da kansa ya ɗauke mu a keke muka je aka gwada ta. SS ce. Uwar ta yi kukanta a hanyar dawowa. An fara wa jaririyar penisilin tana wata biyu, an yi mata zane a nata katakon, mahaifin kuma ya sayo littafi na biyu.